Faranti Na Arba'in Da Ɗaya

Tun da na fara ba ku labarina a shafin nan ban taɓa riƙe waya na rasa ta inda zan fara ba sai yau. Waɗanda muka daɗe tare sun san Umma, sun san Yaya, sun san maganar Dakta. Wanda yau ya shigo kuma bari in taƙaita masa. Shekarata ashirin da tara, ni ce auta a gidanmu, ban yi aure ba, aikina kuma kallon gilashi ne daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma, a wani ɗaki da ke ƙarƙashin ƙasa.

Na san za ku ce wane irin aiki ne wannan. Umma ma shekara biyar tana tambaya. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ke faɗowa duniya daga sararin samaniya da gudun da ya kusa na haske. Yawancinsu ba su da nauyi, amma jefi-jefi akan sami mai nauyi, zuciyar ƙwayar zarrar ƙarfe, wadda ta baro wani tauraro da ya fashe tun ba a san za a yi mu ba. Iska tana farfasa su kafin su iso ƙasa, shi ya sa a cibiyar binciken da nake aiki ake ɗaura akwati a jikin wani ƙaton balan-balan, a sake shi ya hau kusan kilomita arba'in ya yini a can. A cikin akwatin an jera farantan gilashi da aka shafe da wani abu mai kauri irin na fim ɗin hoto na da, duk abin da ya ratsa sai ya bar sawu. Idan akwatin ya sauko da lema, sai a kai farantan ɗakin duhu a wanke su yadda ake wanke hoto, sannan a miƙo mana mu masu dubawa, mu sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma mu bi su layi-layi, gida-gida.

Mu a ɗakinmu baƙi muke ce musu. Baƙo marar nauyi siririn layi yake bari kamar yanar gizo. Na ƙarfe kuwa sawunsa kauri gare shi, da gashi-gashi a gefe kamar tsutsa. Idan ya yi karo da zuciyar wata ƙwayar a cikin farantin sai dukansu su tarwatse, sawu ya fita ta kowane gefe daga ɗigo ɗaya. Shi muke kira tauraro. Mutum yakan yi wata shida yana murza madubi bai ga babba ba.

Wadda ta koya mini aikin Anti Mai Tabarau ce. Shekara ashirin da shida ta yi a ɗakin nan, har bayanta ya ranƙwafa daidai da tsayin madubinta. Shekara biyu ke nan da rasuwarta. Teburinta yana nan yana kallon nawa, ba a ɗauki kowa a madadinta ba. Rigar sanyinta ruwan toka tana rataye a ƙusa bayan ƙofa. Babu wanda ya ce a bar ta, babu kuma wanda ya iya cirewa. Abokiyar aikina ɗaya da ta rage ta tafi hutun haihuwa, don haka wata uku ke nan ni kaɗai ce a ciki, ni da ƙarar na'urar sanyi.

Sai Dakta, shugaban sashenmu. Dogo ne, mai tsafta, ba ya ɗaga murya, takalminsa kuma na roba ne, sai dai ki ɗago ki gan shi tsaye a kanki. Tun bara ya ce yana sona, kuma kafin in ce uffan ya riga ya cinye gidanmu. Ya san sunan maganin hawan jinin Umma. Shi ya samo wanda ya gyara mata famfon kicin. Yaya kullum sai ta turo mini saƙon murya mai minti huɗu, wai me nake jira, mutum mai ilimi da natsuwa ya durƙusa har ƙasa yana gaida uwarmu ni kuma ina jan aji. Umma ba ta faɗa. Takan dai dube ni in ina ninke kaya ta ce tana so ta ga ɗakina da idonta tun idon yana gani. Wannan ya fi faɗan zafi. Ni kuwa ba ƙinsa nake yi ba, in gaya muku gaskiya. Kawai dai ban taɓa jin dariyarsa ta fito daga ciki ba, kuma na kasa gaya wa Umma cewa wannan dalili ne.

Wata biyar da suka wuce aka saki balan-balan ɗinmu, na farko cikin shekara huɗu, kuma kowa ya san idan bai kawo abin kirki ba za a rufe sashen. Akwatin ya sauka can nesa wajen wata fadama. Dakta da kansa ya je ɗauko shi, ya kwana uku, ya dawo ya shige ɗakin duhu shi kaɗai ya wanke farantan, ya ce ba ya so hannu ya yi yawa. Kowa ya yaba. Faranti sittin aka sauko mini da su, kuma babban taron masana saura mako shida.

Ranar Talata da misalin sha ɗaya na safe ina kan faranti na tara. Idona ya gaji, na ɗago na cire mayafina na rataye a bayan kujera, na zuba shayi daga filas. Wayata ta yi ƙara a aljihun farar rigar aiki. Na ɗauka Yaya ce. Da na duba, sunan da ke kan allon shi ne Anti Mai Tabarau.

Ban taɓa goge lambarta ba. Na buɗe. A sama ga saƙonta na ƙarshe na shekara biyu da suka wuce, wanda ta turo daga gadon asibiti: "'Yata, ki rufe mini madubina kada ƙura ta shiga." A ƙarƙashinsa kuma ga sabo, na yau, na wannan mintin:

"Faranti 41. Layi 12, gida 7. Ki sauka ƙasa sosai."

Ban yi ihu ba. Na dai ajiye kofin. Na dubi teburinta. Madubin yana nan a rufe da ƙyallen da na rufe shi. Matashin kujerarta har yanzu da lotsawar zamanta. Na kira lambar, aka ce a kashe take.

Na gaya wa kaina kamfanin waya ne ya sayar wa wani da layin. To amma wane baƙo ne ya san muna ƙirga layi da gida? Na yi minti ashirin ina jan addu'a ina kallon kabad ɗin farantan. Daga ƙarshe na tashi na zaro na arba'in da ɗaya, na ɗiga masa man da ke sa sawu ya fito sarai, na ɗora a madubi. Layi na sha biyu. Gida na bakwai. Babu komai sai 'yan ɗige-ɗige. Har na fara jin kunyar kaina, sai na tuna an ce in sauka. Na murza a hankali, ina nutsewa cikin kaurin farantin.

Sawun ƙarfe ya fara fitowa daga hagu, mai kauri, irin wanda ban taɓa ganin kamarsa ba. Na bi shi. Ya tsaya cak a ɗigo ɗaya, daga nan kuma komai ya watse. Na ƙirga ƙafafun tauraron sau uku, talatin da huɗu, ga wani tarin siraran sawu da suka wuce gaba a cure kamar tsintsiya. Ƙafa ɗaya a ƙasa ta lanƙwashe kamar ƙugiya. Shekara biyar ina aikin nan, mafi girman da na taɓa gani ƙafa goma sha tara ne.

Ya kamata in yi murna. Abin da ya dame ni shi ne, babu ɗan adam ɗin da ya taɓa sa farantin nan a madubi. Daga sama ya zo, daga ɗakin duhu ya shigo kabad ɗina, makullin kuma yana jakata. Wanda ya san abin da ke gida na bakwai, ta ina ya gani?

Na hau sama na gaya wa Dakta na sami wani abu. Ban ce masa komai game da saƙon ba. Wace mace ce za ta gaya wa mai neman aurenta cewa matacciya tana turo mata saƙo? Ya sauko, ya cire tabarau, ya leƙa madubin ya daɗe. Da ya ɗago ya ce na ceci sashen nan, ya ce dama ya san idona ba irin na kowa ba ne. Ya tambaye ni me ya kai ni na arba'in da ɗaya alhali ina kan na tara. Na ce haka kawai zuciyata ta ba ni. Ya gyaɗa kai, bai ƙara tambaya ba. A lokacin daɗi na ji da bai matsa ba.

Kwana biyun da suka biyo baya a kan awo suka ƙare. Na auna kusurwar kowace ƙafa, na ƙirga gashin sawun don a tabbatar ƙarfe ne, na ɗauki hotuna. Mutanen sama da ba su taɓa sanin hanyar ɗakinmu ba suka yi ta saukowa suna leƙe. Amma da sun fita sai shirun ya dawo ya fi na da nauyi. Na juya kujerata don kada in ba teburin Anti baya. Sau biyu na ji kamar ƙamshin man zafin da take shafawa a gwiwa, na bi ɗakin ina shinshina, ashe daga rigar sanyin nan ne idan iskar na'ura ta kaɗa ta. A gida Umma ta lura ba na cin abinci. Ta ce wa Yaya a waya, tana dariya ƙasa-ƙasa, wai alama ce ta auta ta fara saukowa.

Ranar Juma'a da safe na kasa daurewa, na nemi lambar 'yar Anti ta fari na kira ta. Bayan gaisuwa na tambaye ta ko wani a gidansu yana amfani da layin mahaifiyarsu. Ta ce wane layi? Na karanta mata. Ta ce ai wannan ba nasu ba ne, layin aiki ne, wata 'yar ƙaramar waya mai maɓalli da cibiyarmu ta ba ta. A makon rasuwar wani daga wurin aikin ya zo gaisuwa, suka haɗa masa wayar da makullai a leda ya tafi da su. Na ce wa? Ta ce wallahi ba za ta iya tunawa ba, mutane sun yi yawa a ranar.

Na ajiye wayar na ji wani abu ya sake ni, wani kuma ya kama ni. Ba Anti ba ce. Mai rai ne, kuma yana cikin ginin nan.

Da lokacin hutun rana ya yi na karɓi makullin sito a wurin mai gadi na ce zan nemo takardar awo. Sitonmu a ƙarshen baranda yake, ƙwan fitila ɗaya, kwalaye har rufi. Littattafan Anti na aiki suna cikin kwali na uku, guda goma sha ɗaya, masu baƙin bango. Anti ba ta yarda da kwamfuta ba, duk tauraron da ta gani sai ta zana shi da fensir. Na ɗauki na ƙarshe na tsuguna a ƙasa ina buɗawa. A watanninta na ƙarshe tana duba ragowar farantan tsohon tashin balan-balan ne, na shekara huɗu da suka wuce, ni kuma a lokacin an tura ni kwas. Rubutunta yana ta ƙanƙancewa yana karkacewa shafi bayan shafi.

A shafin ƙarshe na gan shi. Sawu mai kauri daga hagu. Ƙafa talatin da huɗu, ta sa wa kowace lamba. Tsintsiyar siraran sawu a gaba. Ƙugiyar nan a ƙasa. A gefe ta rubuta layi 12, gida 7, da kwanan wata, kwana goma sha ɗaya kafin ta rasu. A ƙasan shafin kuma, da rubutun da ke rawa: "Na kai wa Dakta. Ya ce in bari tukuna."

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsugune ba. Tauraro biyu ba sa zama iri ɗaya, kamar zanen yatsa ne. Na koma ɗaki da littafin a cikin rigata, na ɗaga faranti na arba'in da ɗaya a hasken fitila. Lambar da aka kankara a kusurwarsa sabuwa ce fes. A ɗaya kusurwar kuma gilashin ya yi hazo daidai faɗin ɗan yatsa, inda aka goge wata tsohuwar lamba. Na zaro na arba'in da biyu, na arba'in da uku. Duk haka. Na tuna fadamar nan, da kwana ukun, da ɗakin duhun da ba a bar kowa ya shiga ba. Ban san me ya sami akwatin ba, ko ruwa ne ya shige shi, amma na san wasu daga cikin farantan da ke kabad ɗina ba bana suka hau sama ba.

Ranar Asabar Dakta ya ce zai zo gida da la'asar, yana da albishir. Tun safe Umma ta sa aka fitar da kafet aka kakkaɓe, aka canza labulen falo zuwa mai ruwan zuma da ake ajiye wa manyan baƙi. Yaya ta zo da yaranta biyu da kwalin kek. Ita ta zaɓa mini doguwar riga koriya mai duwatsu a hannu, ta ɗaura mini ɗankwali, ta fesa mini turarenta har na yi tari. Ina zaune a bakin gado tana neman 'yan kunne, wayata ta yi motsi a cinyata.

"Faranti 43. Layi 5, gida 20. Ranar Litinin."

Ban gama karantawa ba na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Ba a yi minti biyu ba na ji sallamarsa, da muryar Umma tana marhabin.

Na fito da tire. Yana zaune a ƙasa kan kafet duk da Umma ta nuna masa kujera, cikin fararen kaya, hula ta zauna daidai. Ya kawo wa Umma na'urar awon jini sabuwa, ya kawo wa yaran Yaya littafin taurari mai hotuna. Aka sha lemo, aka taɓa hira. Sannan ya gyara zama ya ce albishir ɗin biyu ne. Na farko, jiya da yamma ya aika da takardar binciken zuwa taron, kuma sunana ya sa a farko, a gaban nasa, tunda ni na gano. Duniya za ta san auta. Na biyu, idan Umma ta amince, yayyensa za su zo ƙarshen wata.

Yaya ta rungume ni. Umma ta sa gefen mayafi tana share ido tana sa masa albarka, sannan ta juyo ta ce, "Auta, ke muke saurare."

Wayar tana hannuna a ƙarƙashin mayafi. Ban shirya ba, wallahi, yatsana ne ya tafi da kansa. Na danna sunan Anti Mai Tabarau.

Wannan karon ba a ce a kashe take ba. Ta shiga. Falon ya yi shiru ana jiran bakina, shi ya sa kowa ya ji: wani ɗan gurnani, zzz, zzz, daga aljihun gefen rigar Dakta. Babbar wayarsa kuwa tana ajiye a kan kafet kusa da gwiwarsa, allonta a mace.

Bai motsa ba. Ya dube ni, ya dubi inda hannuna yake a ƙarƙashin mayafin.

Na ce, "Dakta, ana kiranka."

Ya sa hannu a aljihu ba tare da ya fito da ita ba, gurnanin ya tsaya. A tafin hannuna na ji kiran ya katse. Ya yi wa Umma murmushi ya ce wayar ofis ce, ba sa barin mutum ya huta ko ranar Asabar. Umma ta ce Allah sarki, aiki ke nan. Yaya ta zungure ni da gwiwar hannu don in yi magana.

Na ce wa Umma ina neman mako ɗaya. Yaya ta buɗe baki, amma Dakta ya riga ta. Ya ce ai mako ɗaya ba komai ba ne, a bar ni in yi tunani, shi mai jira ne. Ya shanye lemonsa har ƙasa, ya shafa kan yaran, ya durƙusa ya yi wa Umma sallama. Umma ta ce in raka shi. Na ce kaina yana ciwo, karo na farko ke nan da na ƙi umarninta a gaban baƙo, na ga yadda fuskarta ta canza.

Na shige ɗaki na murza makulli. Yaya tana bugun ƙofa tana cewa in buɗe in gaya mata wane irin wulaƙanci ne wannan. Na ɗaga katifa na tabbatar littafin Anti yana nan inda na sa shi, na zauna a kansa da kwalliyata da komai. Ta taga ina hango motarsa. Ya shiga ya rufe, amma bai tayar ba. Kansa a sunkuye yake, yana danna wani abu da babban yatsa, a hankali, irin dannawar waya mai maɓalli.

Wayata ta yi haske. Anti Mai Tabarau.

"Malama, kafin ki gaya wa kowa, ki tuna sunan wa ke farko a takardar. Ki kawo littafin ranar Litinin."

Ban da mai gadi, ban gaya wa kowa na shiga sito ba, ban kuma gaya wa kowa na ɗauki littafi ba. Na ɗago na dubi motar. Ya sauke gilashi, yana kallon tagata, ya ɗaga mini hannu kamar yadda yake yi kullum in zai tafi.